Bayan An Gyara Gida, Sai Me?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu daraja waɗanda wannan mujalla za ta shiga hannunsu, ina so in yi magana a kan wani abu wanda kowa ke gani ƙarami ne, har ma wani zai ce bai kai a ɓata takarda a kansa ba. Abin kuwa shi ne yadda za a riƙe gida cikin tsari bayan an sha wahalar gyara shi. Ni ma da can haka na ɗauke shi, sai da ɗan hakin da na raina ya tsone mini ido.

Gidanmu yana Ja'en, dab da masana'antun Sharaɗa. Gidan haya ne, mu ke da ɗaki biyu da ɗan madafi, mu takwas har da kakarmu. Mahaifina makaniki ne a wani kamfanin kayan roba, wani mako ya yi aikin safe, wani mako na dare. Bara, ana saura kwana uku Ƙaramar Sallah, Umma ta tashe mu tun bayan sallar asuba ta ce yau ranar kwalema ce. Da azumi a bakinmu muka fito da komai tsakar gida: gado da katifu da akwatuna da kwanuka, har da wasu buhuna waɗanda ba wanda ya tuna abin da ke cikinsu. Aka share yana, aka wanke siminti, aka goge kabad, aka mai da kaya. Kafin la'asar ɗakunan sun yi fes, har maƙwabta suna leƙowa suna sa albarka.

To, ba a yi mako uku ba sai ga gida ya koma gidan jiya. Jakar makaranta a kan gado, takalma warwatse a bakin ƙofa, ledoji cushe a bayan ƙyaure, littattafai a kan buhun shinkafa. Ana cikin haka aka ce mana a makaranta kowa ya kawo takardar haihuwarsa domin rajistar jarrabawa. Umma ta ce ta tabbata ta gan ta ranar kwalema, amma ba ta tuna inda aka sa ta ba. Kwana biyu muna birkita kaya. A rana ta biyu autarmu, yarinya 'yar shekara shida, ta ce ita ma za ta taya mu. Ta cusa hannu cikin tarin tsummokara da ke bayan ƙyaure, sai muka ji ta ƙwalla ƙara. Kunama ce ta harbe ta a yatsa. Ranar a asibiti muka yini, yarinya tana kuka, Umma tana hawaye. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Ita kuwa takardar, daga baya muka same ta cikin wata leda a ƙarƙashin gado, ɓera ya riga ya gwigwiye gefenta.

Da daddare Baba ya kira ni waje. Na ɗauka faɗa zai yi, sai ya tambaye ni, “Kai, ka san abin da ke faruwa a wurin aikinmu in aka tashi ba a ga sifana ɗaya ba?” Na ce, “A'a, Baba.” Ya ce, “Ba mai tafiya gida. Ba kuma za a kunna inji ba sai an gan ta, domin wataƙila tana cikinsa. Kuma ba ma ɗaukar minti ɗaya kafin mu gane cewa ta ɓata. Ran Asabar ka kawo mini abinci, in shugabanmu ya yarda zan nuna maka dalili.”

Na je, aka bar ni na leƙa ɗakin da suke ajiye kayan gyara. Abin da na gani bai wuce wani babban allo a jikin bango ba, an kakkafa masa ƙusoshi, an kuma zana surar kowane ƙarfe da fenti a inda yake rataye. Ga surar guduma, ga ta filaya, ga sifanu jere daga ƙarama zuwa babba. Da an cire ɗaya, surarta na nan fili tana kallonka, ko yaro ya shigo zai ce ga abin da babu. A ƙasa kuma an ja layi da fenti ruwan ɗorawa, an raba hanyar mutane da wurin ajiye kaya. Da lokacin tashi ya kusa, sai na ga manyan mutane, wasu da furfura, kowa ya ɗauki tsintsiya ko tsumma. Cikin minti goma sun share, sun goge, sun mai da komai mazauninsa, sa'an nan suka miƙa wa masu aikin dare. Na tambayi Baba ko yaushe suke yin babban gyara irin namu na Sallah. Ya yi dariya ya ce, “Wanda ke sharar minti goma kullum, ina ya ga dattin da zai kai shi yini?”

Tun daga ran nan na riƙe ra'ayin da nake so in kare a wannan shafi. Ra'ayin shi ne, gyaran gida na rana ɗaya, kome kyansa, ba ya riƙe gida. Abin da ke riƙe gida abu uku ne: kowane kaya ya zama yana da mazauninsa, kowane mutum ya zama yana da alhakin da ke kansa, kuma a sa ido a kan abin da ke shigowa ta ƙofa. Muddin babu waɗannan, to kwalema wahalar banza ce, kamar mai ɗiban ruwa da kwando.

Bari in fara da abin da ke shigowa, domin a nan ne ciwon yake. Kakarmu a Kura ta girma, kuma takan ba mu labarin ɗakin mahaifiyarta. Ta ce kayan ɗakin duka za ka iya ƙirga su: jeren ƙorai da tasoshi a gefe guda, ragaya a rataye, adudu na tufafi, randa da moɗa, faifai da muciya da maburgi. In ƙwarya ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke. In ta fashe ta zama sakaina, a ci gaba da amfani da ita, ƙarshe ta ruɓe ta koma ƙasa. Abin da aka sayo a kasuwa a ganye ake ƙunso shi, ganyen kuwa akuya ce ke cinye shi. Saboda haka gidan da can shi ke rage kayansa da kansa. Kuma a lura, shi kansa jere ba wani abu ba ne illa tsari, babba a ƙasa, ƙarami a sama, kowace ƙwarya da wurinta. Ashe ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe.

Yau fa? Mu da ke zaune a gindin masana'antu mun fi kowa sanin amsa. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, tun zamanin Turawa aka kafa ta, daga baya aka buɗe Sharaɗa da Challawa. Kamfanoni da yawa, musamman masaƙu, sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararar kayan waje, amma na roba da na jima da na kayan sha suna nan suna aiki. Kullum muna ganin motoci suna fita maƙare da bokitai da bahuna da butoci da kofuna da silifa da kujeru da tabarmin roba da ledoji, ana kai su Kasuwar Ƙofar Wambai da Sabon Gari da sauran garuruwa har Nijar. Ban ce wannan sharri ba ne. Da kuɗin roba ake biya mini kuɗin makaranta, kuma roba ta sauƙaƙa wa talaka rayuwa ƙwarai. Amma roba tana da hali biyu da ƙwarya ba ta da su: tana da arha, kuma ba ta ruɓewa. Arhar ke sa a yi ta shigo da ita, rashin ruɓewar ke sa ba ta fita.

Duba dai yadda kaya ke shigowa gida ba tare da an gayyace su ba. An aike ka sayen tumatir, leda. Mai, leda. Gishiri, leda. Ƙosai, leda a cikin leda. Umma ta je biki ta dawo da roba ko kofi mai hoton amarya da ango. An sha lemo an ajiye gora, wai za a zuba zoɓo. Bokiti ya tsage an sayi sabo, tsohon kuma an tura shi lungu, wai za a liƙe. Bayan abin da ya sami autarmu na zauna na ƙirga: bokiti goma sha ɗaya ne a gidanmu, huɗu ne kawai ba su yoyo. Silifa wari-wari kuwa sun cika buhu. Duk waɗannan mun fito da su ranar kwalema, mun kakkaɓe musu ƙura, mun mai da su ciki. Watau dai ba gyara muka yi ba, canza wa tarkace wurin kwana muka yi.

Kada a ɗauka maganar ado ce kawai. Tarkace gidan ɓera ne da kyankyaso da kunama, wani lokaci har maciji. Mun karanta a darasin kiwon lafiya cewa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani irin ɓera yake yaɗuwa, in sun taɓa abinci ko kwanuka. Haka kuma tsohon gwangwani ko taya ko fasasshen bokiti da aka yar a tsakar gida, da damina ta zo sai su tara ruwa, sauro kuwa a kwantaccen ruwa yake hayayyafa, daga ƙwai zuwa mai cizo bai fi mako guda zuwa biyu ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Ga kuma haɗarin gobara, domin tsumma da leda da katifa kusa da risho ko tukunyar gas ba su da bambanci da fetur. Rigakafi ya fi magani, kuma babu rigakafin da ya kai tsintsiya arha.

Wani zai ce ai gwamnati ta riga ta ware ranar tsabta. Haka ne. A watan Maris na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 1985 kuma Manjo Janar Tunde Idiagbon ya zo nan Kano ya buɗe sashen da ya shafi tsabtace muhalli, har aka sa kyautar naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsabta. Iyayenmu suna tuna yadda aka kwashe bola a lokacin, kamar yadda kakanninmu ke tuna duba-gari da ke shiga gida-gida yana leƙa randa. Har yanzu kuma a Kano ana ware safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, a taƙaita zirga-zirga domin a yi shara. Shekara arba'in ke nan da fara wannan. Amma kowa ya bi ta unguwarmu ran Talatar da ke biye ya san abin da zai gani a lambatu. Ba ranar ce ke da laifi ba. Laifin shi ne mun ɗauka rana ɗaya za ta biya bashin kwana ashirin da tara. Ana yawan yabon Kigali, babban birnin Ruwanda, da tsabta. Su ma suna aikin gayya ran Asabar ɗin ƙarshen wata, amma sun ƙara da wani abu: tun 2008 suka hana ledar zuba kaya a ƙasarsu. Wato sun toshe ƙofar da dattin ke shigowa. Abin da ya sami gari shi ne ya sami gida, domin gari ba kome ba ne sai gidaje da yawa.

Da na ba malaminmu na koyon sana'a labarin allon nan na su Baba, sai ya ce mini tsarin ya shahara ne daga masana'antun Japan, kamar kamfanin motoci na Toyota, kuma matakai biyar ne. Na farko a ware abin da ake bukata daga wanda ba a bukata. Na biyu a ba kowane abu wuri. Na uku a share a goge. Na huɗu a mai da wannan ƙa'ida wadda kowa ya sani. Na biyar kuma a dawwama a kai. Wannan na biyar suna kiransa shitsuke, kalmar da a harshensu take nufin tarbiyya, irin wadda ake yi wa yaro a gida. Abin ya ba ni mamaki. Ashe su daga gida suka ɗauki kalmar suka kai masana'anta, mu kuma ga shi sai mun je masana'anta za mu koyo mu kawo gida. Mu a ranar kwalema mataki na uku kaɗai muke yi, mu tsallake na farko da na biyu, na huɗu da na biyar kuwa ko labarinsu ba ma yi.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na raini ba ne. Na farko su ne masu cewa ajiya maganin wata rana, talaka ba ya zubar da kaya. Kakarmu tana cikinsu, kuma tana da gaskiya. Wanda ya san zafin nema ba ya wasa da abin da ya saya. Amma ina tambaya cikin ladabi: abin da ka ajiye, ranar bukata ta zo ka neme shi ka rasa, ajiya ce ko asara? Sau nawa aka sayi sabon kwaɗo ko almakashi ko cajar waya a gidajenmu, bayan mako guda tsohon ya fito daga ƙarƙashin katifa? Rashin tsari shi ke sa talaka ya sayi abu ɗaya sau biyu. Bugu da ƙari, fitar da kaya ba ya nufin zubar da su a bola. 'Yan gwangwan suna yawo unguwa-unguwa suna sayen tsohuwar roba da ƙarfe da dalma, robar nan kuma niƙa ta ake yi a narke a sake yin wani abu da ita. Tufar da ta yi maka kaɗan, akwai almajiri ko maraya da za ta suturta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na biyu su ne masu cewa ɗakin ne ya yi kaɗan, mutum takwas a ɗaki biyu ina za a sa kaya? Wannan ma gaskiya ne, ni shaida ne. Yawancin ma'aikatan Sharaɗa da Bompai da Challawa a irin gidajen nan suke, a Ja'en ko Dakata ko Panshekara. To amma a dubi mai ƙaramin shago a bakin layi. Shagonsa bai kai rabin ɗakinmu ba, kayan ciki sun fi ɗari, amma ko an ɗauke wuta, ka ce masa ashana, hannu kawai zai miƙa. Me ya sa? Domin ashana ba ta taɓa kwana a wurin sabulu ba. Mai babban gida yana iya rufe tarkacensa a wani ɗaki ya manta. Mai ɗaki ɗaya ba shi da wannan dama, saboda haka shi ya fi kowa bukatar tsari.

Na uku su ne waɗanda maganarsu ta fi damuna, domin da ina cikinsu: masu cewa gyaran gida aikin mata ne. In faɗi gaskiya, kafin abin nan ya faru ban taɓa ninke bargon da na kwana da shi ba. Nakan tuɓe kayan makaranta in yar, in fita ƙwallo, yayata ta kwashe. Mu maza huɗu muna ɓatawa, mata biyu suna gyarawa, ga girki, ga wanki, ga karatu. Yaya za a yi gida ya zauna? Ita ma yayar tawa jarrabawa take da ita kamar ni, amma ni ina karatu ita tana tsince mini safa. Na ga dattawa masu iyali suna shara a kamfani ba tare da jin kunya ba. Na ga maza suna share masallaci suna neman lada. To me ya sa tsintsiyar gida kaɗai ce ke rage wa namiji daraja? Malamanmu na addini sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taimaki iyalinsa da aikin gida, yakan kuma gyara tufarsa da takalminsa da hannunsa. Wane ne mu da za mu fi ƙarfin wannan? Shi ma Baba, Allah ya ƙara masa girma, da kansa ya ce shekara da shekaru yana mai da sifana wurinta a wurin aiki, amma ya dawo gida ya jefa hularsa duk inda ta faɗa. Daga ran nan ya kafa wa hular ƙusa.

Ga abin da muke yi yanzu, ko wani zai amfana. Da farko mun sake kwalema, amma a wannan karo kashi uku muka yi: abin amfani, abin bayarwa ko sayarwa, da abin zubarwa. Kuɗin da muka samu a wurin mai gwangwan da su muka sayi ƙusoshi da katako guda, Baba ya kafa mana kanta a bango. Kowane yaro yana da ƙusarsa ta rataye jaka. Takalma suna da kwali a bakin ƙofa. Takardu masu muhimmanci, na haihuwa da na makaranta da katin asibiti da rasit na haya, duka suna cikin jaka guda a akwatin ƙarfe, kuma kowa ya san wurin. Magani da ashana da wuƙa suna sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sa'an nan muka kafa doka uku. Ta farko, wanda ya ɗauka shi ke mayarwa, kuma nan take, ba anjima ba, domin anjima ita ce uwar tarkace. Ta biyu, bayan sallar isha'i kowa da kowa, babba da yaro, mace da namiji, a yi minti goma ana kintsa gida kafin a kwanta. Autarmu ce mai duba agogo, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ta uku, in sabo ya shigo tsoho ya fita. In an sayi bokiti, tsohon ya bar gidan a ranar. Abin da aka ce za a gyara an ba shi mako guda, in bai gyaru ba ya bi mai gwangwan. Cefane kuma da jaka muke zuwa, mai kuwa da kwalba, don a rage leda. Yayata ta rubuta rabon aiki a takarda ta liƙa a bayan ƙyaure, a daidai wurin da kunamar nan ta ɓuya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kullum muna cikawa ba. Lokacin jarrabawa mun yi sakaci har kwana biyar, makon da Baba ke aikin dare ma akan yi ƙyuya. Amma bambancin shi ne, yanzu in gida ya hargitse rabin sa'a ta isa a dawo da shi, domin kowane abu ya san gidansa. Da Babbar Sallah ta zo, kwalemar da a da take cin yini guda, kafin hantsi muka gama. Umma ta ce rabon da ta yi kitson Sallah ba a gajiye ba har ta manta.

Akwai abu guda da ya rage, in ban faɗe shi ba ban yi adalci ba. Na yabi tsarin cikin masana'anta, amma ba duk abin da ke can ne abin koyi ba. Wanda ya taɓa bi ta gefen rafin Salanta, ko ya ga ruwan da ke gangarowa daga wajen majemun Challawa zuwa kogi, ko wanda ke bin rafin Getsi daga Bompai ya haɗu da Jakara, ya san launinsa ya san warinsa. An daɗe ana kuka da shi, ga shi kuma akwai masu noman rani da ke ban ruwa da shi, kuma daga Kogin Challawa ake jawo wani sashe na ruwan famfon Kano. Ciki fes, waje kuwa a bar wa jama'a. To, kafin mu nuna su da yatsa mu dubi kanmu. Matar da ta share ɗakinta ta tura sharar ƙofar maƙwabciya, da yaron da aka ba shi shara ya juye a lambatu don yana ƙyuyar zuwa inda motar REMASAB ke kwashewa, duk aikinsu ɗaya da na waɗancan, girman ne kawai ya bambanta. Ledar da ka jefa a magudana da rani, ita ce za ta toshe kwalbati da damina, ruwan ya dawo maka har kan katifa. Gidan da ya tsabtace kansa ya ƙazantar da maƙwabcinsa bai gama shara ba tukuna.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman maza, kada mu jira Sallah ko Asabar ɗin ƙarshen wata. Yau in ka koma gida, nemi ƙusa ɗaya ka kafa wa jakarka, ka ninke abin da ka kwana a kai, ka karɓi tsintsiya daga hannun 'yar'uwarka. Iyayenmu kuma ina roƙonku da girman Allah, ku raba aikin gida tsakanin 'ya'yanku ba tare da duban mace ko namiji ba, ku kuma fara tun suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba wanda ke wanka sau ɗaya ya ce ya ishe shi wata guda, ba kuma wanda ke cin abinci ya bar kwanon sai ranar Sallah. Gida ma haka yake, kullum ana zama a cikinsa, saboda haka kullum yake son hannu.

Har yanzu takardar haihuwata tana nan da tabon haƙorin ɓera a gefenta. Na so a sake mini wata, Baba ya ce a bar ta haka, ta riƙa tuna mini. A nan zan dasa aya. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya kuma ba mu ikon riƙewa, amin.